Imoro Mai Faci da Motar Alhaji Garuba

Imoro matsoraci ne, kuma bai taɓa wahalar da kansa wajen ɓoyewa ba. In aka ce masa, "Imoro, kai namiji ne kuwa?" sai ya ce, "Namiji ne, amma ina jin tsoro," ya ci gaba da aikinsa. Duk unguwar Nima, a gefen birnin Ankara na ƙasar Gana, an san shi da haka. Yana tsoron kare, yana tsoron wayar lantarki, yana tsoron tsallake babban lambatun da ya raba Nima da Maamobi in an yi ruwa. Manyan mutane ma tsoronsu yake ji; mai babbar riga ya tsaya a kansa, sai harshensa ya yi nauyi. Amma abin da ya fi tsoro duk duniya shi ne abin da yake ci da shi, wato taya.

Daga Yendi ya zo Ankara, lokacin yaƙin Bama, ya zama karen motar wani direba mai suna Osumanu. Doya suke ɗaukowa daga arewa. Ya daɗe a aikin, har ya yi aure, har aka haifa masa 'ya. Wata rana a tashar Tudu, Osumanu ya tsugunna yana buga iska a tayar lori, ya aiki Imoro ɗebo ruwa. Tayoyin lori na wancan zamani suna da zoben ƙarfe mai riƙe bakin taya, in bai zauna daidai ba iska tana cilla shi. Imoro na dawowa da bokiti ya ji ƙarar. Zoben ya ɗauke rabin fuskar Osumanu, ya wuce ya huda kwanon rumfar mai shayi. Tun daga ranar Imoro bai sake hawa mota ba. Ko kasuwar Makola za shi, da ƙafa yake zuwa.

Sai dai mutum ba ya cin tsoro ya ƙoshi, kuma ban da taya bai san komai ba. Ya kafa rumfar faci a bakin hanyar Legas Tawun, a wani ɗan fili na Alhaji Garuba mai fataucin goro. In zai buga iska, sai ya naɗe wilin da sarƙa, ya jona wa famfo dogon tiyo, ya koma bayan wani guntun bango yana bugawa yana salati. Direbobi na dariya, suna kiransa sojan bayan katanga, amma suna kawo masa aiki, don facinsa ba ya ɗagowa.

Matarsa Ayishetu shinkafa da wake take sayarwa a ƙofar gida. Mace ce mai ƙarfi, mai kaifin baki, ba ta tsoron kowa. Ta daɗe da daina sauraron gargaɗinsa. Mutumin da ya hana ka kusantar rijiya, ya hana ka kusantar fitila, ya hana ka kusantar akuya, ranar da ya hana ka abin da ya kamata, kunnenka ya riga ya toshe.

Wajen shekarar 1964 kaya suka yi wuya a ƙasar Gana. Sabulu, madara, sukari, sai an yi layi. Taya kuwa ko layin babu. Masu faci suka koma ɗaukar tayar da ta suɗe, su gasa wuƙa, su yanka mata sabon zane. Imoro ma ya yi, ba waliyyi ba ne. Mutanen unguwa da zane suke auna taya. In zanen na nan da zurfinsa, to a wurinsu sabuwa ce, ko da a zamanin kakansu aka ƙera ta.

Alhaji Garuba yana da wata baƙar mota, doguwa, mai matakala a gefe inda mutum zai iya tsayawa. Tun kafin yaƙi aka ƙera ta, ya saye ta hannun wani Bature da zai koma gida lokacin samun 'yanci. Tana zaune cikin rumfar kwano, ba ta fita sai ranar Sallah, ta kai Alhaji filin Idi a hankali kamar raƙumi, ta dawo. Direbanta Ƙasimu ba shi da aiki sai wanke ta, da goge tayoyinta da man takalmi har su yi ƙyalli. Mutane kan tsaya su ce, dubi tayoyin nan, ko ƙasa ba su sani ba.

Ana gab da Babbar Sallah, tayar baya ta hagu ta fashe a tsaye cikin rumfa, ba wanda ya taɓa ta. Aka kira Imoro. Ƙasimu ya nuna masa safayar da ke ɗaure a bayan motar, ya ce a sa ta kawai, ai ko sau ɗaya ba ta taɓa taka ƙasa ba. Imoro ya kankare man takalmin da farce. Ƙarƙashinsa robar ta bushe ta tsattsage, kamar fason dudduge. Ya danna da babban yatsa, ta ƙi lotsawa. Ya ce ba zai sa ba.

Ya shiga Ankara da ƙafa neman mai irin lambarta. Babu. Tayoyin motar dogaye ne sirara, an daɗe da daina kawo irinsu. Daga ƙarshe, wurin wani mai sayar da tsofaffin ƙarafa, ya samo ta wata motar soja. Bakinta ya yi daidai da wilin, amma ta fi faɗi, ta ɗan fi tsayi. Da ya ɗaura, ya zura hannu tsakanin tayar da ƙarfen da ke rufe ta, yatsu biyu suka shiga. Ƙasimu ya ja motar ba kowa ciki, ya kai ƙarshen layi ya dawo, ba abin da ya goga. Imoro ya durƙusa gaban Alhaji ya ce, "Ranka ya daɗe, za ta kai ka Idi ta dawo. Amma kada a yi mata lodi."

Alhaji ya shafa cikinsa ya ce, "Ni ne lodin, Imoro?"

Aka yi dariya, aka tashi a kan haka.

'Yar Imoro guda ɗaya ce, Mariatu. Tana aure a Zongon Koforidua, wurin Iliasu, ɗan ƙanwar Alhaji Garuba. Da cikinta na fari ya tsufa ta dawo gida Nima, kamar yadda ake yi, ta haifi namiji aka sa masa Fatawu. Ta yi wanka, ta yi arba'in, lokacin mayar da ita ɗakinta ya zo. Uwar mijin, Hajiya Awabu, ta zo da kanta daga Koforidua don ta tafi da su. Sai Alhaji ya aiko cewa ba za a kai jikansa a motar haya ba, ya ba da baƙar mota.

Gidan ya ɗauki guɗa. Motar da ko matan Alhaji ba sa shiga. Imoro yana zaune bakin ƙofa da kwanon tuwo, ya ture kwanon gefe. Hanyar Koforidua ta dutsen Aburi take bi, inda titi ke nannaɗewa yana hawa, gefe ɗaya dutse, gefe ɗaya rami. Shekarun da ya yi a kan lori ya ga abin da ke kwance a ƙasan ramin.

Ya sami Ayishetu tana ɗaure daddawa cikin ganye.

"Uwar Mariatu, motar nan ba za ta kai ba."

"Wace ce ta taɓa kaiwa a wurinka?"

"Tayar baya ba tata ba ce. Ni na sa. In aka yi lodi ƙarfe zai sauko ya ci ta."

"To ka je ka gaya wa Alhaji."

Bai motsa daga inda yake ba.

"Ka gani," ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Ni za ka iya tsoratarwa, ni ce marar babbar riga. Mutum ya girmama 'yarka, ya ba da abin da bai taɓa ba kowa ba, kai kuma ka je ka ce masa motarsa akwatin gawa ce. Gobe kuma ka koma filinsa ka buɗe rumfa. Malam, matsa, kana tare mini haske."

Ya je ɗin. Bayan la'asar ya sami Alhaji a zaure cikin mutane, ana buɗe huhun goro. Ya gaida shi, ya yi godiya, ya sake godiya. Alhaji ya miƙo masa farin goro. Imoro ya riƙe goron, ya ce, "Ranka ya daɗe, dama tayar nan ce..."

"Wa ya sa ta?"

"Ni ne."

"Ta kai ni Idi?"

"Ta kai."

"To aikinka ka zo zagi gaban mutane? Kai dai Imoro, Allah ya yaye maka. Tashi ka je ka taya su ɗaure kaya."

Ya tashi. A waje ya tarar da Ƙasimu yana goge fitilun mota, ya tambaye shi mutum nawa zai ɗauka.

"Mata ne fa," in ji Ƙasimu. "Wa ya san yawansu kafin su shiga?"

Gaskiya ya faɗa. A Zongo, duk macen da ta ɗora ruwan wankan mai jego, ko ta daka, ko ta kwana da jariri, tana da hakkin rakiya. A bar ta a baya, an sayi gabar shekaru. Ba mai cewa wance ki zauna. Da safe motar ta tsaya a bakin titi, don ba ta iya shiga lungun Nima, aka fara fito da kaya a ka: tukwane, buhun masara, doya, kwallar daddawa, akwatin Mariatu, har da sabon turmi da taɓarya. Aka ɗaure wasu a sama, wasu a baya kan safaya. Sannan mata suka fara shiga. Hajiya Awabu a gaba, da wata a gefenta. Baya kuwa wata kan cinyar wata, ana dariya ana cewa a matsa. Mariatu da jariri a bakin taga ta dama. Ayishetu ce ta shiga ƙarshe, ta zauna bakin taga ta hagu, daidai saman tayar.

Imoro na tsugunne a wurin, hannunsa cikin ratar. Duk macen da ta shiga, yana jin ƙarfe na saukowa. Yatsu biyu suka koma ɗaya. Da Ayishetu ta zauna, ƙarfen ya matse masa yatsan har sai da ya fizge.

Ƙasimu ya tayar da mota. Aka yi addu'a, aka shafa. Motar ta fara tafiya, sai Imoro ya ga kansa yana bin ta, ya kama ƙarfen ƙofa, ya haye matakalar gefe. 'Yan unguwa suka kwashe da dariya, wani ya ce yau za a yi ruwa, Imoro ya hau mota. Ayishetu ta leƙo ta ce, "Sauka, kana ba mu kunya." Ya ƙara riƙe ƙarfen. Ya san nauyinsa ƙari ne a kan tayar, amma ta ɗaya gefen ba zai gan ta ba.

Sun fita daga gari, sun wuce Legon. A kan shimfiɗaɗɗen titi ba komai. Amma duk ramin da suka faɗa, sai ya ji wani ɗan sauti, ƙiii, gajere, ƙarƙashin ƙafarsa. Matan ba sa ji, suna waƙa. Iska na dukan fuskarsa, hannunsa ya sandare a kan ƙarfe, idonsa na kan baƙar robar da ke juyawa. Can sai hancinsa ya ɗauko ƙaurin roba.

A Madina, wani gari da ke gaba da Legon, ya buga rufin motar har Ƙasimu ya tsaya. Ya sauka, ya shafa kafaɗar tayar. Zafi kamar murhu, tafinsa ya fito baƙi da garin roba. Ya roƙi ruwa wurin wata mai koko ya zuba, tururi ya tashi. Ya ce a sauke turmin da buhun masara, a aika da su a motar haya.

"Turmin 'yata ba zai isa bayanta ba," in ji Ayishetu.

Hajiya Awabu ta ce, "Masta Ƙasimu, rana na yi. Mutane na can sun dafa abinci."

Suka ci gaba. Ya sake tsayar da su a wani ƙauye, ya sake zuba ruwa. Waƙa ta mutu, mita ta maye. Wata ta ce in haka za a yi sai jaririn ya yi haƙori kafin a isa. Dutsen ya fara bayyana gabansu, kore, da titin manne a jikinsa kamar zare.

A Ayi Mensah, gindin dutsen, Ƙasimu ya tsaya da kansa don ya ƙara wa inji ruwa. Imoro ya durƙusa. Ƙarfen ya yanka layi a kewayen tayar, kuma cikin layin ga farin zare ya fito. Ya taɓa zaren da yatsa.

Ya zagaya wurin tagar gaba, ya rusuna. "Hajiya, don girman Allah, a sauka a hau dutsen nan da ƙafa. Mota ta hau da kaya kawai. A sama sai a koma ciki."

Hajiya Awabu ta dube shi daga sama har ƙasa. "Mai jego ta hau dutse da ƙafa? Ni da gwiwar nan? Masu wucewa su kai labari Koforidua cewa an ga surukar gidanmu tana tafiya a titi kamar mai tallan ayaba, ga motar yayana na tafiya ba kowa? Imoro, in tsoro kake ji, ga inuwa can, zauna ka jira motar da za ta mayar da kai."

"Zare ya fito, Hajiya."

"To a ɗinke."

Matan suka yi dariya. Ya dubi Ƙasimu, Ƙasimu ya kau da kai. Shi ma ɗan aike ne. Ya dubi Mariatu, tana ba yaro nono, idonta a ƙasa. Ya dubi titin da ke hawa, da lanƙwasar farko, inda ba komai a gefe sai sama.

Wuƙar aikinsa na cikin aljihu, wadda yake yanka zane da ita. Ya koma bayan mota, ya kafa tsininta cikin layin, ya danna da duk nauyinsa, ya kau da fuska ya rufe ido. Iska ta fito da huci mai zafi. Motar ta kwanta a gefen hagu a hankali, da matan a ciki.

Sai Hajiya ta ce, "Motar Alhaji ka soka wa wuƙa."

Imoro ya zauna a ƙasa, ransa ya ɗan sake. Ba taya, ba tafiya. Za a jira lori, a zage shi, a kore shi daga filin, amma ba za a hau dutsen nan ba. Yana cikin wannan tunani ya ji ana kwance igiya. Ƙasimu ne yake sauke kayan baya. Ƙarƙashinsu ga safaya, baƙa, tana ƙyalli.

Ya manta da ita. Tun daga Nima hankalinsa na kan taya guda, kayan kuma sun rufe ɗayar.

"Masta, kada ka sa wannan. Ta mutu tun tuni. Gara wadda na fasa."

"Da ka bar ta ke nan," in ji Ƙasimu, yana kafa jak. "Dubi zanenta, sabuwa fil. Kuma lambarta ce, ba irin taka ta soja ba."

Matan suka firfito suka tsaya a inuwa, ba mai kallonsa. Aka ɗaura safaya, Ƙasimu ya ƙara mata iska da famfon hannu. Imoro ya ja baya, yana jin yadda busasshiyar robar ke ƙara ƙas-ƙas tana miƙewa. Aka mayar da kaya, aka mayar da mata, kowace mazauninta.

Ya je tagar Mariatu. "Ba ni shi in yi masa addu'a, daga nan zan koma."

Ta miƙo masa Fatawu ta taga, cikin zani. Ya karɓa, ya rungume, ya juya ya kama hanyar dutse da ƙafa.

"Baba? Baba, ina za ka da shi?"

Bai waiwaya ba. Ya ji ƙofa ta buɗe, ya ji takunta a bayansa tana kuka tana cewa ya ba ta ɗanta. Hajiya ta ɗaga murya ta ce a ƙyale su, rana za ta koya musu hankali, a jira su a sama. Motar ta taso ta iso daidai su, tana nishi a giya ta ɗaya. Ayishetu na bakin taga, fuskarta a ɗaure. An kunyata ta gaban surukai, kuma in ta sauka ta bi shi, ta yarda ke nan da abin da ya yi.

"Ayishetu," ya ce. Bai taɓa kiran sunanta gaban mutane ba. "Sauko."

Ta dubi gaba. Motar ta wuce, ta sha lanƙwasa, ta ɓace.

Suka yi ta hawa. Mariatu ta daina kuka, don numfashi bai ishe ta ba. Ta nemi yaron, ya hana. Yana jin kukan injin a samansu, yana nisa, yana dawowa in titi ya juyo, yana sake nisa. Duk lanƙwasar da ya ji an wuce sai ya ce Alhamdu lillahi a ransa, ya kasa kunne ga ta gaba. Yaron na barci, gumin Imoro na ɗiga kan zaninsa. Ya fara tunanin ko dai shi ne mahaukacin, ko za su isa sama su tarar da su suna cin ayaba suna dariya. Ya roƙi Allah ya sa haka ne.

Sai ƙarar ta zo, guda ɗaya, kamar bindiga, dutsen ya amsa. Injin ya mutu. Shiru. Bayan shirun, wani dogon sauti na ƙarfe yana jan ƙasa, da faɗuwar tukwane, da muryoyin mata.

Mariatu ta zubar da takalma ta ruga. Imoro bai iya gudu ba. Ƙarar irin ta ranar tashar Tudu ce. Ya tafi taki ɗaya bayan ɗaya, da jariri a ƙirji, yana kallon gefen ramin, yana jiran ya ga inda ciyawa ta kwanta. Turmin ne ya fara tarar sa, yana gangarowa tsakiyar titi shi kaɗai, ya wuce shi ya faɗa rami. Bai ji saukarsa ba.

Motar ba ta faɗa ba. Da tayar ta fashe, ta karkace, inji ya mutu, ta fara komawa da baya, birki ya kasa riƙe nauyin. Ƙasimu ya murɗa sitiyari ya ba ta dutse maimakon rami. Ta daki dutsen ta kwanta a kwalbati ta gefen hagu. Ba wanda ya mutu. Hajiya Awabu ta rasa haƙoran gaba, wata ta karye a hannu. Ayishetu ce a ƙasa, duk matan baya a kanta. Da aka jawo ta, ƙafarta ta hagu na kallon inda ƙafa ba ta kallo. Ƙugunta ya karye. Wata lori mai ɗauke da buhunan 'ya'yan koko na yin cakulan da ke saukowa ta kwashe su zuwa asibiti a Ankara, Imoro a baya tsakanin buhuna, riƙe da kanta.

Alhaji Garuba bai yi faɗa ba. Ya aiko kawai cewa yana bukatar filinsa. Imoro ya kwashe sarƙarsa da famfonsa ya koma Maamobi, gindin wata bishiyar darbejiya. Motar aka jawo ta aka mayar rumfa, ba ta sake fita ba.

Unguwa ta rabu biyu. Wasu suka ce ya ceci 'yarsa da jikansa. Wasu suka ce shi ya karya matarsa, don da bai soka wuƙar ba da ba a sa safaya ba, kuma tayar soja, ko da zare a waje, wataƙila da ta kai su. Imoro bai taɓa kare kansa ba, don shi ma bai sani ba. Ya san dai hannunsa ne ya ɗaura ta farko, hannunsa ne ya fasa ta.

Ayishetu ta yi watanni a kwance, ta tashi da ƙafa ɗaya ta fi ɗaya gajarta. Sau ɗaya tak ta ta da maganar. Tana zaune tana tsince wake, ta ce, "Malam, da ka bar ta farkon, da mun isa?"

"Ban sani ba."

"To. Miƙo mini sandata."

Ba ta daina sana'a ba, ba irin matan da ke zama ba ce. Sai dai macen da da take zuwa kasuwa da ƙafa ta dawo da buhu a ka, yanzu ko bakin titi sai ta huta a hanya. Dole kullum ta shiga torotoro, motocin hayan nan masu bencin katako, ta je sayen wake da shinkafa ta dawo. Kuma taya ba ta daina wuya ba. Rabin motocin Nima a kan yankakken zane suke tafiya, wasu ma Imoro ne ya yanka musu a da. Ya hana ta, ta ce to ya goya ta ya kai ta. Kullum da safe in ta fita, sai ya kasa riƙe ƙarfe, ya zauna yana kallon hanya har ta dawo.

Da ya ga ba zai iya da ita ba, sai ya koma wurin direbobi. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya a tashar Nima, wannan yana cin abinci, wannan yana ƙarƙashin mota, ya tsugunna gaban kowanne, har yaran da ya girme su nesa ba kusa ba. Magana ɗaya ya yi musu duka.

"Masta, ka san matata, mai sanda. Kai ka san abin da ke ƙarƙashin motarka, ni ma na sani. Ranar da tayarka ke da lafiya, ka ɗauke ta, ka sa ta a tsakiya. Ranar da ba ta da lafiya, don Allah in ta tsayar da kai kada ka tsaya. Ka ce mata mota ta cika."